Maganin da Inna Ta Aiko wa Sadiq

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Croydon ta Ingila lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kakar wasan zari-ruga ta bana ta wahalar da ɗan naki Sadiq. Sau biyu kafaɗarsa na gocewa. Ranar Lahadi ina zaune a filin wasa, ƙarti uku suka danne shi, ya daɗe bai tashi ba. Mutane na tafi, ni ina salati.

Garin maganin da Inna ta aiko ya iso. Na dama masa da nono, ya ƙi sha. Wai likitan kulob ya hana su shan abin da ba a bincika ba, in an gwada fitsarinsa aka ga wani abu, dakatar da shi za a yi. Na ce to ya bar wasan mana. Ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa ya fita. Saura wasa huɗu.

Ki gaishe da Malam, ku sa Sadiq a addu'a. In Inna ta tambaya, ki ce mata ya sha.

Ƙanwarki,
Hadiza