Injinku Yana Ashar da Sunan Mahaifina

Zuwa ga Shugaban Makarantar Koyon Kwamfuta da ke Rikkos, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ce Hajara, 'yar marigayi Malam Sani Tela na unguwar Ali Kazaure. Na yi ta zarya ofishinka, kullum sai a ce Oga ya fita. Shi ya sa na kawo maganar jarida.

Na farko. Bara ka girka wata manhaja a kwamfutocin makarantarka, wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna Ɗan Surutu. Mutum ya rubuta mata magana, ta ba shi amsa. Kai da kanka ka zo gidan mahaifina ka roƙe shi ya riƙa zuwa yana hira da ita, don ta koyi Hausa mai ladabi. Lokacin ciwon baya ya raba shi da keken ɗinki, zaman gida ya ishe shi, sai ya amsa. Da yatsa ɗaya yake rubutu, ko an ɗauke wuta zai zauna ya jira a tada janareta. Ya koya mata gaisuwa da ban gajiya da addu'a. Da ta tambayi sunansa ya faɗa, har da unguwa.

Na biyu. Injiniyanka ya yi min bayanin yadda take aiki, kuma na gode masa don bai ɓoye ba. Ya ce ba tunani take yi ba. Duk amsar da mutum ya ba ta sai ta adana. Gobe in wani ya rubuta magana mai kama da wadda ta jawo wannan amsar, sai ta ɗauko ta miƙa masa. Ba ta san ma'ana ba, ba ta kuma riƙe wane ne ya faɗi me. Yallaɓai, ka san da haka. Ba ka gaya wa tsohon nan ba.

Na uku. Baba ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Tun daga nan ka bar manhajar a hannun duk wanda ya sayi lokaci, masu neman abin dariya suka ɗura mata ashar. Yau in aka tambayi sunanta sai ta ce ita ce Malam Sani Tela na Ali Kazaure, layi na gaba kuma ta auno zagin da ba zan iya rubutawa a nan ba. An buga shi a takarda, yana yawo a majalisa har Jos Jarawa. Mutumin da ko almakashi ya yanke shi sai dai ya yi salati. A gidan suna wata ta tambayi mahaifiyata wai ashe haka Malam yake da baki. Tun ranar mahaifiyar tawa ba ta sake fita ba. Wallahi abin nan ya yi min ciwo, Yallaɓai.

Na huɗu. Injiniyan ya ce mafita ɗaya ce, a goge komai a fara daga farko. Ban yarda da wannan ba tukuna, ga kuma dalilina. Ranar da na je, na zauna gaban manhajar raina a ɓace, na rubuta cewa ni ce Hajara. Ta amsa da cewa: "Auta, kin ci abinci kuwa?" Na taɓa raka Baba can na rubuta sunana da wasa, da manhajar ta maimaita shi, Baba ya karɓi kujerar ya ba da wannan amsar. Na san inji ne, an yi min bayani. Duk da haka sai da na amsa mata cewa na ci.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. A rufe manhajar nan yau. Ka rubuta sanarwa ka liƙa a ƙofar makarantarka cewa zagin nan ba daga bakin Malam Sani ya fito ba, ka kuma zo ka faɗa wa mahaifiyata da bakinka. Sannan kafin a goge, a ba ni kujera da lokaci in bi maganganun da ta adana ɗaya bayan ɗaya, in tsince na mahaifina a buga min. Injinku bai san wanne ne nasa ba, ni na sani.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci makarantarka, ya kuma kare sunanka ranar da ba ka nan.

Wassalam.

Hajara, Ali Kazaure, Jos.