Baba, Na Ƙona Wa Malam Iro Shuka

Zuwa ga mahaifina, Malam Mamman Baduku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi wa mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara huɗu ke nan da muka raka ka, ban taɓa zama na rubuta maka komai ba. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Yaya Sani ne a rumfarka, ya riƙe dukancin sosai, har yanzu mutanen ƙauye in sun shigo Daura rumfar Mamman suke tambaya. Na san wasu za su karanta wannan takarda. Su karanta, ɓoyo ne ya kai ni inda nake.

Baba, na samu aiki. Malamin gona ne ni yanzu, a wata ƙungiya mai taimakon manoma, an ba ni ƙauyuka a bayan garin Babban Mutum. Na san da kana nan sai ka ajiye basilla ka dube ni ta saman tabarau, ka ce wane marar tausayi ne ya haɗa Nasiru da gona. To, da ka yi gaskiya. Ban cika wata biyu ba na ƙona wa magidanta bakwai shuka da hannuna.

Kai ka fi kowa sanin hannun nan. Ka tuna ranar da ka zaunar da ni ka ce in ɗinke bakin kube, na soke cinyata da basilla, kuben yana gefe ko taɓa shi ban yi ba. Ka tuna kokon safe da ba ya isowa gida sai rabi. Ka tuna keken da ka yi wata guda kana riƙe mini sirdi a bayan gida, har ka gaji ka sayar da shi. In na fasa abu sai ka ce, “Nasiru, yau ma ba ku gaisa da hannunka ba?” 'Yan rumfa su yi ta dariya, ni ma in yi, in koma bayan ɗaki in yi kuka.

Sau ɗaya ka mare ni, ranar da na kifar da kwanon rini a kan fatun sallah da aka jeme. Washegari sai ka yanka mini takalmi marar maɗauri, wanda zura ƙafa kawai ake yi. Daga nan ka ce wa Inna, “Wannan yaro sai boko.” Na daɗe ina ɗaukar maganar kora ce daga rumfa.

Bayan rasuwarka da shekara ɗaya wata likita a Katsina ta sa ni tafiya a kan layi, da cafe ƙwallo, da ɓalla maɓalli, ni ƙato da gemu. Ta ce abin yana da suna, wai disfaraksiya. Ƙwaƙwalwa tana ba da umarni daidai, amma saƙon sai ya isa hannu da ƙafa a makare ko a karkace. Ba lalaci ba ne, ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma iska ba ce kamar yadda Gwaggo ta dage. Ba ya warkewa, sai dai mutum ya koyi dabarun zama da shi. Na fito na zauna a bakin titi na rasa abin yi. Kai nake so in fara gaya wa, ga shi ba ka nan.

Da aka kira ni ganawar neman aikin nan, duk baki ne da takarda, kuma ka san ni a nan ba a kayar da ni. Na yi bayanin ƙasa da iri da taki har shugabar, Hajiya Rabi, tana gyaɗa kai. Ba su tambaye ni game da hannuna ba, ni ma ban faɗa ba.

Ran farko aka miƙo mini makullin babur. Na ce idona ba ya son rairayi. Abokin aikina Lawal, mutumin kirki, shi yake goya ni har yau. Igiyar awo in na warware ta sai ta zama ƙulli. Takardun da ake cikewa gidajensu ƙanana ne, rubutuna kuwa ba ya zama a gida ɗaya. Kowa yana gama nasa kafin azahar, ni ina nan ina gogewa. Kullum na dawo gida jikina kamar an yi mini duka, alhali ban ɗauki komai mai nauyi ba. Ina ta ce wa kaina zan saba.

Sai ruwan shuka ya sauka. Aikina ranar shi ne in nuna wa manoman wani ƙauye yadda ake shuka ingantaccen irin gero da muka raba musu, tare da takin zamani kaɗan. Abu ne mai sauƙi ga kowa. A sara rami da sungumi, a zuba iri, a bar tazarar yatsu huɗu, a zuba taki cikin murfin kwalba ɗaya a gefe, a rufe da diddige. Taki kada ya taɓa iri, don yana da zafi, cinye shi yake yi. Na haddace wannan kamar karatun allo. Na ma faɗa musu da bakina kafin mu shiga gona.

Amma a can al'adarsu ita ce baƙon malami shi yake shuka layin farko, su kuwa su tsaya su kalla. Ban san da wannan ba sai da Maigari ya sa aka miƙo mini ƙoƙon iri. Lawal yana wani ƙauyen. Wani dattijo, Malam Iro, ya shige gaba yana sara ramuka, ni ina biye, iri a hannu ɗaya, taki a ɗayan, mutum kusan talatin sun zuba mini ido.

Baba, rami na uku komai ya cakuɗe mini. Na nufi gefe, takin ya faɗa tsakiyar rami a kan iri. A rami na gaba na manta na riga na zuba, na ƙara murfi na biyu. Ƙafata tana rufe ramin da hannuna bai gama da shi ba. Malam Iro yana gaba da saurinsa na wanda ya saba, ni ina neman kada a bar ni a baya. Haka na yi layin nan har ƙarshe, taki a kan iri, rami bayan rami. Ina sane. Wallahi ina sane da abin da hannuna yake yi. Na ɗago na ga ba wanda ya yi dariya, sai na ce a raina Allah ya rufa asiri, ba su lura ba. Aka yi addu'a, aka kawo fura, na sha na tafi.

Kwana goma sha biyu bayan nan muka koma duba tsiro. Tun daga kan babur na ga abin da ban gane ba. Gonaki kore shar, sai a ga wata a tsakiyarsu fayau, tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Lawal ya tsaya ya tona rami da yatsa. Ga irin nan ya yi baƙi ya ruɓe, ga sauran taki a jikinsa. Ya tona na gaba, haka. Ya dube ni yana tambayar wane ne ya koya musu wannan aika-aika.

Na zauna a ƙasa a gonar mutane. Ashe sun lura da komai. Sun lura har da murfi biyun. Bayanin da na yi da baki ya bi iska, abin da hannuna ya yi shi suka ɗauka suka kai gonakinsu. Mutum shida sun gwada a wani yanki ne kawai, suka shuka sauran yadda suka saba. Malam Iro, da yake shi ne a kusa da ni kuma ya fi kowa gani, gonarsa gaba ɗaya ya yi wa haka. Gona ɗaya gare shi, da baki tara a gida.

Lawal ya ce mu rubuta cewa manoma ba su bi umarni ba, haka ake yi, ba wanda zai bincika. Ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, kwana biyu ina juya shawarar, har na fara rubutawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne sunan Malam Iro da zan sa a layin waɗanda ba su bi umarni ba, mutumin da ya bi ni fiye da kowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je zauren Maigari, na roƙi a tara su. Na ce Allah ya ja zamanin Maigari, ba iri ba ne ya ƙi, ba takin ba ne marar kyau, ni ne. Na gaya musu hannuna ba ya bin abin da na sa shi tun ina yaro, kuma na ga kuskuren a ranar na yi shiru saboda kunya. Ban taɓa faɗin wannan a gaban mutum fiye da ɗaya ba.

Na zaci za a zage ni, da ma an yi da na fi samun sauƙi. Sai Malam Iro ya faɗi maganar da ba za ta bar kunnena ba. “Yaro, na san taki yana cin iri tun ba a haife ka ba. Na ga abin da kake yi, raina bai kwanta ba. Amma na ce daga birni aka turo shi, da takardarsa, wataƙila sabon irin haka yake so. Ban tambaye ka ba don kada in ba ka kunya a gaban jama'a.”

Baba, ka ji fa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noma ya ajiye abin da ya sani ya bi hannuna. Hannun nan da ko koko ka daina yarda ya ɗauko maka. Ni na yi shiru don kada in ji kunya, shi ya yi shiru don kada ya ba ni kunya, gonarsa ta tafi a tsakani. Duk tsorona a aikin nan shi ne kada a gane ban iya ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa za a iya yarda da ni har haka.

Maigari ya sa aka yi wa Malam Iro gayya. Maƙwabta suka ciro tsiron da ya yi yawa a gonakinsu aka yi dashe, inda bai isa ba ya shuka tsohon irinsa na rumbu, wanda ya fi daɗewa kafin ya nuna. Na je da niyyar taimako, na sunkuya zan ɗauki tsiro, Malam Iro ya riƙe mini wuyan hannu. “A'a, Malam. Kai tsaya can ka faɗa, mu mu yi.” Ba da wasa ya faɗa ba, ba kuma da fushi ba. Na tsaya a bakin gona ina faɗin tazara, suna dasawa.

Na rubuta wa Hajiya Rabi gaskiya, har da sunan abin da ke damuna. Ta yi mini faɗa sosai, ba don hannun ba, don shirun. Ba ta kore ni ba. Yanzu duk inda zan yi nuni, sai na zaɓi manomi ɗaya mun yi gwaji mu biyu tukuna, sannan shi ya yi a gaban jama'a ina bayani. Takardun kuma a waya nake cikewa. Kuma kafin in fara komai nakan ce musu in sun ga na yi abin da hankalinsu bai ɗauka ba, su tsayar da ni, ko a gaban wa. Har yanzu aikin ya fi ƙarfina a ranaku da yawa. Amma na daina cewa idona ne ba ya son rairayi.

Babana, yau na fahimci ba korata ka yi daga rumfa ba, wuri ka nema mini inda hannuna ba zai cuce ni ba. Ba ka san sunan abin ba, amma ka yi iya yinka. Marin nan na yafe tuntuni. Kai ma ka yafe mini fatun.

Shekaranjiya na je ƙauyen. Geron maƙwabta ya wuce kaina, ya fara fitar da kai. Na Malam Iro bai kai ƙugu ba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi Inna, bai yi zancen gona ba. Da zan tafi na ga ya ɗaga kai yana duban gabas, ya daɗe yana duba. Lawal ya ce in ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba, geron ba zai yi ido ba. Sati uku yake nema a kan na kowa. Ba abin da takardata za ta iya yi a kan wannan.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa mu a can. Duk wanda ya karanta wannan ya yi maka addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da guda ɗaya. Allah ya tsawaita daminar bana da sati uku, saboda Malam Iro da mutum taran da ke gidansa. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru
Daura