Jan Haƙoran Kaka

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau na raka Kaka asibitin haƙori. Ni na matsa mata, tun da malamarmu ta ce jinin da ke fita daga dasashi ciwo ne, ba kaifin asuwaki ba. Daga Gangare har can tana mita a cikin keke.

Likitar ta yi mata allurar kashe zafi, ta ce, "Mama, buɗe baki, kar ki ji tsoro." Ta daɗe tana kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, Kaka tana matse mini hannu.

Da aka gama aka miƙa mata madubi. Jan nan na goro da furen taba da take shafawa tun tana amarya ya fita. Haƙoran sun yi fari, ga giɓi a tsakaninsu. Likitar ta ce da mun ƙara jinkiri da na gaban sun zube.

Kaka ta kalli madubin, sannan ta ce, "Da wannan jan kakanki ya san ni, Allah ya jiƙansa."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Na san abin da na yi shi ne daidai, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ɗazu na daure na tsokane ta, na ce, "Kaka, kin koma budurwa." Ta yi dariya, amma sai da ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ban taɓa ganin Kaka ta ɓoye dariyarta ba.