Tantabarunka Sun Sauka, Malam

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka, ni ce Hajara, daga gidanka na Tarai. Sunanka ban taɓa kama shi ba kana raye, ba kuwa zan fara yau ba don kawai jama'a za su karanta. Na fita takaba, lafiyata ƙalau, geron da ka shuka kafin ka kwanta ya yi kyau, an yanka an kawo gida. Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Labarin tantabarunka na zo ba ka, don na san da za a ba ka damar tambaya ɗaya, kafin ka tambaye ni su za ka tambaya.

Ka tuna ranar da ka shigo da na farko daga kasuwar Rano, a cikin kwali, kana tafiya a hankali kamar ka ɗauko ƙwai? Ni har na fara tunanin tattasai da albasa. Ka ce, “Waɗannan ba na tukunya ba ne, Hajara. Masu alkafura ne.” Na ce ikon Allah, tsuntsu ma ya shiga wasan yara. Ka yi dariya, ka tafi neman langa-langa, ka kafa musu ɗaki jikin katangar gabas, daidai inda nake shanya kuɓewata.

Daga nan la'asar ɗin gidanmu ta koma tasu. Ka dawo daga masallaci, ka buɗe musu ƙofa, su tashi, ka tsaya tsakar gida ka dafe hula da hannu ɗaya kana kallon sama, baki a buɗe. Ni kuma ina kan kujerata gindin turmi, na gama surfe, ina bakacen hatsin tuwon dare da faifai. Sai in ji ka ce, “Ɗago kai ki gani, Hajara! Ɗago, ga Direba zai yi alkafura!” Ni kuwa in ce tuwon shi zai tuƙa kansa? Kafin in ɗago an gama, sai ɗigo-ɗigo baƙi can sama. In rana ta yi sanyi ka sa yatsu biyu a baki ka yi fiton nan naka mai hawa da sauka, su zubo tsakar gida.

Faɗanmu da kai a kansu ɗaya ne. In sun sauka sai su kewaye ni, suna tsintar tsakin da ke zuba daga faifai, ni kuma wani lokaci in ɗan watsa musu da gangan don su bar mini ƙafa. Kai kuma ka yi ta mita: “Za ki lalata mini su. Awo gare su, ba kaji ba ne.”

Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da kai. Ba ka daɗe ba. Maganar da na ji a bakinka da hankalinka, kafin kalmar shahada, ita ce a ba su ruwa.

To na ba su ruwa, Malam. Na ba su dawa ma, na ba su gero, na ƙara da wake. Gida ya yi mini faɗi, daga gidan yayanka Alhaji Garba ake aiko mini da abinci, ban sa taɓarya a turmi ba, ban taɓa faifai ba. Ba ni da wanda zan ciyar sai su, sai na ciyar da su har suka yi ɓul-ɓul, suna tafiya suna rangaji kamar agwagi. Ni a ganina kiwo ya yi kyau.

Amininka Malam Sale, wanda kuke musayar tsuntsaye da shi, ya zo daga Rano ya sake yi mana gaisuwa. Daga zaure ya tsaya, aka miƙa masa Direba ya riƙe. Ta bayan katanga na ji ya yi salati. Ya ce, “Malama Hajara, wannan ko an jefa shi sama faɗowa zai yi. Mai alkafura da yunwa ake tashinsa, in ya sauko a ba shi ya ci. In ya ƙoshi, me zai dawo nema wurinki?”

Ranar na fara karatu, ina cikin gida malamina yana zaure. Ya koya mini awo da gwangwanin madara, sau ɗaya a wuni. Ya ce in riƙa share ɗakinsu ina barbaɗa toka saboda ƙwari, in ajiye musu tsakuwa ƙanana da ɗan kanwa, in zuba ruwa a tsohon daro su yi wanka ranar da rana ta fito. Ya koya mini yadda ake riƙe tantabara, ƙafafunta tsakanin yatsu, ƙirjinta a tafin hannu. Ranar da na fara riƙe Goshi, mai farin nan a ka, na ji zuciyarta tana bugawa a hannuna da sauri-sauri, ga ta ba nauyi ko kaɗan. Na tsaya ina mamakin wanda ya ƙera abu ƙarami haka, ya sa masa rai, ya kuma ba shi sama gaba ɗaya.

Na ga abubuwan da ka sha faɗa mini ina jin su da kunne ɗaya. Na ga namiji yana karɓar matarsa a kwancin ƙwai da hantsi, ita ta fita ta sha iska, ba wanda ya raba musu aikin. Na ga ɗan shila tsirara, mummuna kamar an fige shi, yana cusa baki cikin bakin ubansa, uban yana amayo masa abinci. Wallahi na zauna a ƙofar ɗakin nan na yi kuka, na kuma yi tasbihi, ban san wanne ya riga wani ba.

Da takaba ta kusa ƙarewa Yaya Garba ya zo da magana. Ba da mugunta ba, ka san shi, abin da ya gani yake faɗa. Ya ce, “Hajara, kiwon tantabarun tashi ba na mata ba ne. Tsuntsayen nan fiton mai su kaɗai suka sani, mai su kuma ya tafi. Ki bari Malam Sale ya kwashe su Rano, kafin ki buɗe ƙofa shaho da gari su raba su.” Malam Sale kuma ya riga ya gaya mini cewa ba za a ci gaba da kulle su ba, don mai alkafura in ya daɗe a rufe fiffikensa mutuwa yake yi.

Na roƙi Yaya ya bar ni in gwada sau ɗaya. Ya ce, “In kin tashe su sun sauko miki, naki ne. In sun ƙi, abin da ya rage Rano za shi.” Na ce na yarda. Rigunanka an rabar, kekenka ƙaninka ya hau, gonarka ta shiga rabon gado. Abin da ya rage a gidan nan mai numfashi wanda ya san hannunka, su ne.

Kada ka yi dariya, Malam: na koyi fito. Ni da Inna ta taɓa buge wa baki ina yarinya don na gwada, ta ce mace ba ta fito. Sai in shiga ɗaki in saki labule, in sa yatsu biyu a baki yadda kake yi, in hura. Iska kawai ke fita, da yawu. Malam Sale ya ce in bar wahalar da kaina, in riƙa kaɗa dawa a gwangwani kafin in zuba musu, za su saba da ƙarar. Suka kuwa saba, a cikin ɗaki. Muka fara ɗora su kan rufi a cikin keji suna kallon unguwa, har ƙibar ta zube, jikinsu ya dawo.

Ranar da aka sa, da safe na sussuka damin farko na geronka, na surfa, na rufe a ƙwarya. Ban bakace shi ba, na bar shi sai yamma. Bayan la'asar Yaya Garba ya shigo ya zauna kan tabarma, Malam Sale ya tsaya a ƙofar gida inda zai ga sama. Tun jiya ban ba su ko ƙwaya ba. Na yi bisimilla na zare sakata.

Suka fito suka tsaya kan rufi suna waige-waige. Na san wa suke nema. Sai Direba ya buga fiffike, sauran suka bi shi, ƙarar tashinsu ta cika gidan. Suka kewaya unguwa, suka ƙara sama, suka sake kewayawa, a dunƙule, ba mai barin ɗan'uwansa. Ni kuma, karo na farko tun da ka kawo su gidan nan, na ɗaga kai ban sauke ba.

Malam, ashe abin da kake gani ke nan.

Direba ya tsaya cak a sama kamar an riƙe shi. Sai ya jefa kansa baya, jela ta bi kai, ya shiga juyawa yana gangarowa, yana juyawa da saurin da ido ba ya raba fiffike da jiki, kamar mazarin Inna in ta murza shi ta saki. Na dafe ƙirji na ce ya mutu. Sai kawai ya buɗe fukafukai, ya tsaya da faɗuwa, ya koma sama wurin 'yan'uwansa kamar ba abin da ya faru. Kafin in sauke numfashi Goshi ta yi nata, sai kusan dukkansu suka yi tare, rana tana dukan cikin fukafukansu, fari yana walƙiya yana ɓacewa. Ba wanda ya koya musu, ba kuma abinci suke samu a ciki ba. Tsuntsu ya saki kansa a inda babu abin kamawa, ya yarda zai sake tashi. Na ji bakina yana ta subhanallah. Yaya Garba, da ya zo ganin ƙarshen magana, yana tsaye hularsa a ƙasa bai sani ba.

Na so in juya in ce maka na gani. Nan ne rashinka ya fi yi mini ciwo, fiye da ranar da aka fita da kai.

Rana ta fara sanyi, lokacin sauka ya yi. Na kaɗa gwangwani. Suka wuce ta kan gida ko waiwaye babu. Na kaɗa har hannuna ya gaji. Malam Sale ya yi nasa fiton daga waje, ba su san shi ba. Kewayen nasu ya fara faɗi, yana karkata wajen garin Kibiya, suna ƙanƙancewa. Na manta da kunya, a gaban yayanka na sa yatsu a baki na hura. Iska ta fita. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, “Ki yi haƙuri, Hajara.”

Ban iya tsayuwa ina kallon tafiyarsu ba. Ka san ni, in abu ya dame ni hannuna aiki yake nema. Na jawo kujerata gindin turmi, na buɗe ƙwaryar geronka, na zuba a faifai. Na sunkuyar da kai yadda na saba, hawaye na ɗiga a kan hatsin, na fara bakace. Gero yana tashi yana faɗowa, dusa tana bin iska, faifai yana ƙararsa ta kullum.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Inuwa na fara gani ta gifta kan faifan. Sai iskar fiffike a kan ɗankwalina. Goshi ce ta dira gaban ƙafata, ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, ta hau tsintar tsaki. Sai Direba. Sai sauran suka zubo, a kan turmi, a kan katanga, ɗaya har a gefen faifan. Ban ɗaga hannu ba, ban daina bakacen ba, ina tsoron in na tsaya mafarkin zai watse. Na ƙirga su da ido. Babu wanda ya ɓace.

Daga ƙofar gida na ji Malam Sale yana tambaya ko sun sauka. Yaya Garba ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce masa, “Sun sauka. Ka koma Rano, Malam Sale, suna da mai su.”

To ka ji, Malam. Duk shekarun nan kana fito kana ɗaga kafaɗa, kana cewa tsuntsayenka sun san muryarka. Sun san ta, ban musa ba. Amma duk la'asar ɗin da ka kira su, ni ma ina nan gindin turmi ina kiransu ban sani ba. Tsakin nan da kake cewa zai lalata maka su, shi ya dawo mini da su. Ashe tun farko tare muke kiwon nan, kai ido a sama, ni ido a faifai.

Yanzu kullum bayan la'asar ina buɗe musu. Ba na taɓa faifai sai na kalle su na ƙoshi, tuwo ya jira. Goshi ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun fara hawa rufi, ɗaya jiya ya gwada alkafurarsa ta farko, rabi ya yi ya tsorata. Da kana nan da unguwa duk ta ji labari.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Wanda yake riƙe tsuntsu a sarari ba ya faɗuwa, ya riƙe ka da rahamarsa, ya riƙe ni a bayanka. Ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. In mun haɗu, duk abin da ka ce in ɗago kai in gani, ba sai ka faɗa sau biyu ba.

Taka har kullum,
Hajara