Ƙarfe Ma Yana Son Wurin Miƙe Ƙafa

Zuwa ga aminina Bitrus, Baban Ladi, a Inugu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana ƙara sauƙi, ina gaida Maman Ladi, da Ladi da ke ɗawainiya da ku.

Tun muna yara nake jin wai ƙarfen dogo yana ƙara tsawo da rana, ya koma da yamma. Na ce zancen 'yan tasha ne. Da ka kama aikin gyaran dogo tsakanin Lafiya da Agyaragu, kai ma ka zo mini da shi, na ce in ƙarfe na girma, me ya hana fartanyata zama garma? Mun tsufa muna wannan musu.

To, Ogan dogo, na ba da gari.

Ka tuna kwalin ɗan jirgin wasan da ka sa aka kawo mini ranar da za a tafi da kai asibiti, ɓarin jikinka ya shanye, magana da ƙyar? Ka ce in shimfiɗa layin kafin ka dawo. Wata huɗu ban buɗe shi ba. Tsoro nake ji in gama, ba ka dawo ba.

Watan jiya dai na ɗauko falanki a keke, na ɗora kan benci biyu a zaure. Ƙusoshin kamar ƙwayar riɗi, sai da hantsaki nake riƙe su, tabarau a kan hanci. Tsakuwar gefen layi kuwa yashi na tankaɗe da rariyar uwargidana Hajiya. Har yau gaisuwarmu gajeriya ce.

Kowace gaɓa na matse ta tsam, ko gashi ba ya shiga, ina ta yabon kaina. Da safe jirgi ya zagaya lafiya lau. Bayan azahar, da kwanon zauren ya ɗau zafin garin nan da ka sani, sai kwanar layin ta gantsare, kan jirgi ya kife, taragu uku suka bi shi. Da la'asar sakaliya layi ya koma ya kwanta kamar bai yi komai ba. Kwana uku ina gadinsa, kullum haka.

Nan na tuna abin da kake cewa: "Sule, ƙarfe ma yana son wurin miƙe ƙafa."

Na zare ƙusoshin kaf, na sake shimfiɗawa, kowace gaɓa na bar mata tazarar kaurin katin waya. Bai sake kifewa ba. Kuma ka san me? Yanzu yana tafe yana ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, sak jirgin da ke tsayar mana da hira a da. Ashe daga tazarar nan sautin yake fitowa, ba ka taɓa gaya mini ba!

Reshen da zai shiga tasha ban taɓa shi ba, naka ne. Ni zan riƙe ƙusa, kai ka buga. In ka sami yatsana, na yafe tun yanzu.

Allah Ya ɗaga ƙafarka, Ya sassauta harshenka, Ya dawo mana da kai ka karɓi nasarar musunka baki da baki. Amin.

Naka har kullum,
Sule, Lafiya.

Af, ana ta cewa ka fara takawa har bakin ƙofa ba sanda. Mai shayi ya faɗa, na ce uhm. Dattijon cocinku ya faɗa, na ce fatan alheri ne irin nasu. Amma jiya Maman Ladi ce da kanta ta faɗa mini a waya, ita kuwa tun aurenku ban taɓa jin ta ƙara maka ko taku ɗaya ba.