Ina Gudun Ruwan Tankin Mijina

Inna Tasalla, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Mijina Basharu ne mai kula da tankin ruwan ƙauyenmu, nan gefen Dalijan. Daga fadama ake turo ruwan, jajir da shi, har da ruɓaɓɓen ganye. Ba ya jira ya kwanta, sai ya dumbuzo kulorin ya watsa. In wari bai bugi hanci ba, wai magani bai kama ba, sai ya ƙara. Tun shekarar da amai da gudawa ya ɗauke mahaifiyarsa hannunsa ya yi nauyi haka.

Yayata Juwairiyya, ma'aikaciyar lafiya a Kalgo, ta ce in kulorin ya haɗu da laka da ganye, yana haifar da wasu sinadarai masu cutar da jiki in an daɗe ana sha. Ga ni da cikin wata biyar. Da na faɗa masa, sai cewa ya yi wato shi ne mai kashe mutane ke nan. Ni da nake tuƙa masa tuwo! Na bar na tankin, na koma ɗebo na fadama. Yanzu matan gari na cewa na raina aikin mijina, shi kuma ko gaisuwata ba ya amsawa. Wallahi na gaji, raina a ɓace yake.

Mai Ƙishi a Gindin Tanki

Ɗiyata, yayarki ta faɗi gaskiya, amma kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago. Illar sinadaran nan sai an yi shekara da shekaru, ɗanyen ruwan fadama kuwa kwana biyu ya ishe shi ya kwantar da ke. Ki bar ruwan fadaman nan yau, ki koma na tanki. Ki tafasa wanda za ki sha, ki rufe randa.

Basharu ba mugu ba ne, tsoro ne ke auna masa magani, kodayake tsoro bai ba shi izinin ƙaurace wa mai ciki ba. Kar ki ce ya daina sa kulorin. A wanke gindin tanki, a sa alif ruwan ya kwanta, a tace, sannan a zuba magani daidai awon ma'aikatan lafiya. Juwairiyya ta zo ta nuna masa shi kaɗai, ba a gaban mutane ba.

In ya ƙi saurare, ki gaya masa a fili: tun da ya daina yi miki magana, irin ruwan da ya ɗauke mahaifiyarsa ne ɗansa ya yi ta sha a cikinki. Allah ya sauke ki lafiya.