Tulun Gwaggo da Tulun Inji

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau ma mun yi waƙa ba fiyano. Tun da yayana Elisha ya tafi karatu Yamai kujerarsa take wofi a gaban majami'a, ɓangaren maza. Fiyanon ma muryarsa ta mutu, maɓallan ne kawai ke da rai. Bayan sujada na je na ce wa dattawa ni zan zauna a kujerar. Baba Li'azaru, shugabansu, ya dube ni sama da ƙasa, wai "Ɗiyata Febi, wurin mata na can wajen tulu." Tulun da mata ke kiɗa da shi yake nufi. Na ce ba tulu na zo nema ba, Baba. Daga ƙarshe suka ce in gwada ranar godiyar kaka, Lahadin farko na Nuwamba. In ya yi, kujera tawa ce. In bai yi ba, su ɗauko wani saurayi daga Maradi. Sun ba ni ne don su ga faɗuwata, na sani. To, mu zuba mu gani.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kakkaɓe tsohuwar kwamfutar Elisha, na haɗa ta da fiyanon. A waya ya ce akwai wani lojisiyel, wato manhaja, a ciki, ana buɗe shi cikin babban shirin ɗaukar sauti, shi zai zama sabuwar muryar fiyano. Na buɗe. Babu sauti ko ɗaya, sai ƙananan akwatuna a allo da wayoyi na hoto da kake ja daga wannan rami zuwa wancan. Wani akwatin ya haifi ƙara, wani ya tace ta, wani ya buɗe mata ƙofa in ka danna maɓalli ya rufe in ka saki. Ka manta waya ɗaya, shiru kake ji.

Abin da na fara samu kukan jakin amalanke ne. Mama ta leƙo ta taga tana tambaya ko mutanen ƙauyen Safo ne suka kawo kara.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, batirin ba ya riƙe komai, ni kuma ban adana ba. Duk ya tafi. Ba zan yi wa inji kuka ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Sauti uku na gina: ogan, bas, da sarewa. Kowanne shi kaɗai gwanin daɗi. Amma ina danna maɓalli ɗaya sai su amsa su uku tare, hayaniya zalla. Elisha ya ce, "Bari in zo hutu in gyara maki." Hutun nasa sai Kirsimeti! Na kashe wayar.

Sai yau na gano. Na bar su duka suna sauraron kowane kira, kamar ka shiga gida ka ce "kai!" ba suna, kowa ya waiwayo. Dole kowane sauti a ba shi kanal ɗinsa, wato layin kiransa. Na raba fiyanon: hagu bas, kanal ta ɗaya, tsakiya ogan, ta biyu, can ƙarshen dama sarewa, ta uku. Na kuma ba kowanne mafitarsa, don in rage wannan ba tare da na taɓa wancan ba. Na danna. Kowa ya tsaya a gonarsa. Na tashi na yi rawa ni kaɗai a ɗaki, ba kunya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gwaggo Yabo ta zo, yayar Babanmu. Ita ce shugabar zumuntar mata, ita ke buga bakin tulu da soso tun ba a haife ni ba. Ko zama ba ta yi ba. "Ke Febi, an ce kin ƙi mu, kin zaɓi odinata." Kwamfuta take nufi. Na ce ban ƙi kowa ba, Gwaggo. Ta ce, "Ki haɗa duk abin da za ki haɗa, waƙar da ba tulu ba waƙa ba ce."

Haka ne? Tana fita na gina tulu. Ƙara mai kauri da ke faɗuwa da sauri, dum. Kanal ta huɗu. Na sa masa akwatin agogo mai bugawa da kansa, na ɗaura bas ɗin ma a kan agogon, in na riƙe maɓalli ya yi ta takawa. Ko maginin tulu ba zai bambanta ba. Ta riƙe nata.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Gwaji da matan zumunta. Da ma ban je ba.

Baitin farko lafiya lau. Daga nan Gwaggo ta ƙara sauri, mata suka bi ta, injina ya tsaya a baya yana dum, dum, abinsa. Na murɗa agogo na cim masu, sai ta sassauta. Tulu biyu kamar mata biyu a turmi ɗaya, taɓare na karo. Na ɗaga murya na ce su bi agogo mana! Gwaggo ta ajiye soso. "Ranar godiya ƙafafu nike kallo. Tsoho ya ɗauko damin gero, in bi shi sannu. Samari sun taso, in kore su da gudu. Injin naki na da ido?" Mata suka kwashe da dariya. Baba Li'azaru na tsaye bakin taga, ya gani, ya juya ya tafi. Wannan ya fi dariyar ƙona mini rai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ban yi kuskure ba. Su ne ba su iya tsayawa kan bugu ɗaya ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na gwada murɗa agogo da hannu ina kiɗa. Sai da hannu na uku, ni kuma biyu Allah ya ba ni.

Cikin lalube na ci karo da wani akwati mai sauraron mikro, wato makirufo. In ya ji bugu mai ƙarfi sai ya aika umarni ɗaya, daidai aikin agogo. Na zare wayar agogo na soka tasa. Na kife bokiti ina bugawa, sannu, da sauri, sannu. Bas ya bi ni taki-taki. Ni na gano wannan, ba Elisha ba, ba saurayin Maradi ba. Abin haushin, ranar godiya wani ne zai buga, kuma na san ko wace ce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na ce ba roƙo na zo ba, Gwaggo, mikro zan ajiye kusa da tulunki. Ta ce, "Injin ya gaji da nashi?" Na haɗiye maganar. Na yi mata bayani. Ta ce, "Ke nan ni ka jan shi?" Na ce in kin tsaya, ya tsaya. Ta ci gaba da ɓararta. "Kada dai ki liƙa mani komi a tulu. Aje a ƙasa." Ta ƙulla mini gyaɗa a leda.

Wayar mikron gajera ce. Dole fiyano da kujera su ƙaura ɓangaren mata. Don waya ne kawai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Baba Li'azaru ne ya fara shigowa da daminsa a ka, yana jan gwiwar nan tasa. Gwaggo ta bi shi a hankali, bas ya bi Gwaggo, ni kuma na shimfiɗa ogan a kai. Da samari suka taso ta sakar masu, na hau sarewa, majami'a ta ɗauka har kwanon rufi na amsawa. A tsakiyar abin ta waiwayo ta kashe mini ido. Saura kaɗan in ɓata baiti.

Bayan sujada Baba Li'azaru ya ce, "Kujera taki ce, ɗiyata. A maida ta wurinta." Na ce waya ba ta kaiwa, Baba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na goge tulun inji. Cin ƙarfin kwamfuta yake yi, shi ke nan dalili.

Elisha ya kira, wai ya samo doguwar waya a Yamai, zai ba direba ya kawo, in koma gaba inda kujerar take tun asali. Na ce ya bari, wannan ma tana aiki.